IDO HUƊU DA MAI HOTO: SHIN DOLE NE AMARYA TA CIRE TABARAUNTA?

Jama'a, akwai wata magana guda ɗaya da masu sa tabarau suka gaji da jin ta daga bakin masu ɗaukar hoto, ko a gidan biki ne, ko wurin suna, ko ranar sallah. An gama shiri tsaf, an jeru, kowa ta gyara ɗaurinta, sai mai hoto ya leƙo ta gefen kyamara ya ce, "Hajiya, don Allah a taimaka a ɗan cire gilashin nan, yana ɗauke min ido." Ita kuwa baiwar Allah, don gudun kada a ce ta cika fi'ili, sai ta zare ta ɓoye a cikin gyale. To, daga nan fa aka ɓata hoton. Domin kuwa idon da ya saba da gilashi, da zarar an raba shi da shi sai ya ƙanƙance, ga shatin tabarau nan guda biyu a karan hanci, ga kallon ya tafi wani wuri daban saboda ba ta ma ganin inda kyamarar take sosai. In hoto ya fito sai ka ji 'yan gida suna cewa, "Kai, wannan kuwa ke ce? Kamar wadda aka tasa daga barci!"

In kuma ta ƙi cirewa, mai hoton ya danna filasha a fuskarta, sai a ga wasu fararen faifai biyu a inda idanu ya kamata su kasance. Gaba kura baya sayaki ke nan. To amma 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Tabarau ba su da laifin komai a wannan shari'a. Laifin na haske ne da ba a iya ajiye shi ba, sai kuma na wani tunani da ya daɗe a zukatanmu, wai mace mai gilashi kyanta ya ragu. Su biyun nan za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

WA YA CE TABARAU MUNI NE?

Tun a makarantar firamare ake fara abin. Yarinya ta zo aji da gilashi, sai tsokana ta tashi, "mai ido huɗu, mai ido huɗu!" Ta koma gida da kuka. Maimakon a lallashe ta, sai wata gwaggo ta ƙara da nata, "Ni dai ban ga dalilin ɗaura wa yarinya ƙarama wannan abu ba, sai ka ce tsohuwa. Wa zai kwasa?" Daga ranar gilashi ya koma cikin jaka, yarinya ta koma kwafar rubutu daga littafin ta kusa da ita domin allo ya zame mata hazo.

Finafinan Indiya da muke mutuwar so su ma sun taimaka wajen dasa wannan tunani. Wanda ya kalli Kal Ho Naa Ho na shekarar 2003 zai tuna Preity Zinta da gilashinta, fuska a murtuke kullum. Haka a Yeh Jawaani Hai Deewani na 2013, Deepika Padukone ta fito a 'yar boko mai gilashi wadda ba ta san komai ba sai karatu, sai da ta ajiye shi sannan aka nuna mana wai kyanta ya bayyana. Wani abin dariya, a duka finafinan biyu sunan jarumar Naina, kalmar da ke nufin idanu a harshensu. Ka ji fa! Sunanki idanu, amma sai kin jefar da abin da ke taimakon idanun kafin a ce kin yi kyau.

Alhali a wani zamani tabarau abin taƙama ne. A birnin Bamako na ƙasar Mali an yi wani shahararren mai hoto, Seydou Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Mutumin nan yana ajiye kayan ado iri-iri na aro, kamar agogo da alƙalami da rediyo, domin wanda ya zo hoto ya fito a ɗan gaye. Cikin hotunansa da suka zaga duniya akwai na wani saurayi sanye da fararen kwat, alƙalami a aljihu, fure a hannu, ga tabarau ɗare a fuska. A nan gida kuwa, duba takardar naira 100 ka ga Cif Obafemi Awolowo da zagayayyun tabaraunsa. Tuna hotunan Alhaji Shehu Shagari, doguwar hula da gilashi. Wa ya taɓa cewa gilashi ya rage musu kwarjini? Ashe dai in namiji ya sa, ilimi ne da dattako, in mace ta sa sai ya zama aibi. Wannan rabon bai yi adalci ba.

HOTON DA AKE AIKA WA SAURAYI

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen neman aure. A da, budurwa kan je situdiyo ta yi hoto a gaban labulen nan mai zanen furanni, a wanko, ta rubuta 'yan kalmomi a baya ta sa a ambulan. Yau kuwa ta waya ake turawa cikin ƙiftawar ido. Zamani ya canja amma ɗabi'ar tana nan, sai an cire gilashi tukuna. In ya zo zance ma a ɗaki ake barin sa, a fito ana lalube, ana murmushi ga inuwar da ake kyautata zaton shi ne.

Na san wata 'yar dangi da ta yi wata takwas tana wannan wasan ɓuya. Hotunan kafin aure, na kamu, na dina, babu ko ɗaya da gilashi. Kwana uku da tarewa ango ya shigo da hantsi ya tarar da ita tana tsintar shinkafa da wani gilashi mai kauri. Ya tsaya sororo, ita kuma ta rasa inda za ta sa kanta, sai hawaye. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Haba amarya, ashe duk zuwan da nake yi ba kya ganina? To wa kika ce kina so?" Da wasa ya faɗa, kuma Allah ya sa mai sauƙin kai ne, amma ta ce maganar ta daɗe tana sukar ta. Yanzu babban hoton nan da ke rataye a falonsu, 'ya'yanta in sun kalla sai su ce, "Umma, wannan ba ta yi kama da ke ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Namijin da zai fasa aurenki don kina sa gilashi, gara ya fasa tun a waje, ya rage miki wahala. Wanda kuma yake sonki tsakani da Allah, da ke da gilashin duk nasa ne. Kuma ki sani ba ke kaɗai ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya. Shi kansa angon da ake ɓoye wa, bari ya haura shekara 40 ki ga yadda zai riƙa nesanta takarda da fuskarsa kafin ya karanta, har ya dawo yana cigiyar inda kika yanki naki.

ME KE KAWO ƘYALLIN?

Sai mu koma kan haske. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce an yi wani malami haifaffen Basra, Hasan ɗan Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira ya rubuta littafin Kitabul Manazir a kan gani da haske. Shi ne ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba, ya kuma yi gwaji da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar huda, wanda shi ne kakan kyamarar yau. Su kuwa tabarau a ƙasar Italiya aka fara yin su wajen 1286. Ke nan kyamara da tabarau 'yan gida ɗaya ne, bai kamata a ce ba sa ga maciji da juna ba.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Ɗauki ƙwallo ka buga a bango. In ka buga ta kai-tsaye, kai-tsaye za ta dawo maka a ƙirji. In ka buga ta a karkace, sai ta yi can gefe. Haske ma haka yake yi a kan gilashi. Gilashin ido wanda ba a yi masa wani shafi ba yana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa. In filasha tana kan kyamara, ke kuma kina fuskantar kyamarar sak, to hasken zai bugi gilashinki ya koma inda ya fito, wato cikin idon kyamara. Shi ne fararen faifan nan. Amma in aka ɗan karkata ɗaya daga cikin ukun, ko fitila, ko fuska, ko kyamara, sai ƙyallin ya bi wata hanya ya wuce. Duk dabarun da za su biyo baya, wannan ƙwallon ce dai ake juyawa.

DABARU BAKWAI GA MAI SHIGA HOTO

1. Sunkuyar da haɓa kaɗan. Ba sunkuyon kunyar amarya ba wanda fuska ke ɓacewa, a'a, ɗan kaɗan dai yadda gilashin zai kalli ƙasa-ƙasa. Hasken da ya zo daga sama sai ya koma ƙasa maimakon cikin kyamara. A kula kada a wuce gona da iri har saman firem ya ratsa tsakiyar ido.

2. Ɗaga hannayen tabarau. Wannan tsohuwar dabarar masu situdiyo ce. Ki ɗaga hannayen nan biyu da ke maƙale a kunne su hau sama da kunnen kamar faɗin ɗan yatsa, sai gilashin ya rusuna gaba. A nan mu Hausawa mun ci riba, domin ɗankwali ko hijabi zai riƙe hannayen ya kuma rufe su, ba wanda zai gane. Maigida ma yana iya soke su a gefen hula.

3. Juya fuska gefe kaɗan. In fitila ko taga tana hannun dama, kada a fuskance ta, a ɗan kauda hanci daga gare ta, ido kuma ya ci gaba da kallon kyamara.

4. Tura gilashin ya hau karan hanci sosai. Gilashin da ya zamo ƙasa yana yanke ido biyu, ya kuma sa mutum ya yi kama da alƙalin da ke shirin yanke hukunci.

5. Wanke shi kafin a fara. Hoda da man shafawa da zanen yatsa, ga ƙurar hunturu, duk kyamara tana ganinsu ko da ke ba ki gani ba. A fara zuba masa ruwa ya tafi da ƙurar, a sa ɗigon sabulun ruwa, a ɗauraye, sannan a goge da ɗan ƙyallensa mai laushi. Goge busasshen gilashi da bakin gyale ko gefen shadda shi ke kawo ƙarce, kuma ƙarce ba ya gyaruwa.

6. Zaɓi wuri da lokaci. Tsakar rana tsaka ba lokacin hoton mai gilashi ba ne, domin firem zai jefa inuwa a kan ido da kumatu. Inuwar katanga ko bakin zaure, da sassafe ko bayan la'asar, sun fi. Ki kuma duba abin da ke gabanki, wato bayan mai hoto. Farin bango da rana ta haska, ko farin sararin sama na hunturu, ko jerin maza masu fararen kaya, duk za su fito a cikin gilashinki kamar talabijin.

7. In da waya kike ɗaukar kanki, rage hasken fuskar wayar, in ba haka ba ita ma za ta fito a gilashin. Ita kuwa zagayayyiyar fitilar nan da masu kwalliya ke ɗaukar amare da ita, babbar abokiyar gabar tabarau ce, zobba biyu take zanawa a ido. A ɗaga ta sama da kai, a matsar da ita gefe, a karkato ta ƙasa.

BA DUK GILASHI NE ƊAYA BA

Wani gyaran tun daga wurin yanka gilashi ake yin sa. Akwai wani siririn shafi da ake yi wa gilashi mai hana ƙyalli, wanda wani masani mai suna Alexander Smakula ya ƙirƙiro a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Shafin yana rage hasken da ke dawowa daga kashi 8 ɗin nan zuwa wajen kashi 1 ko ƙasa da haka. Za a gane shi in an karkata gilashin a gaban fitila, sai a ga ɗan kore-kore mai rauni maimakon fari fat. Ya fi tsada, gaskiya ne, amma amfaninsa bai tsaya a hoto ba, har masu tuƙin dare yana rage musu ɗaukar ido.

Akwai kuma wanda ake sayarwa da sunan kare ido daga hasken waya da kwamfuta. Shi wannan yakan mayar da shuɗi ko shunayya, don haka a hoto sai a ga ido ya yi bula. Mai irin wannan sai ta ƙara kula da dabarun da muka lissafa.

Sai mai rikiɗa, wato wanda ke fari a ɗaki ya koma baƙi a rana. Kamfanin Corning na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1960. Yana da daɗi a ƙasar rana irin tamu, amma ya sha ɓata hoton ɗaurin aure. An fito daga masallaci, an tsaya hoto a fili, sai ango ya koma kamar ɗan sandan ciki. Wani abin lura, yana saurin yin baƙi amma yana ɗaukar mintoci kafin ya washe. Saboda haka in an shigo daga waje, a ba shi lokaci kafin a ce a yi murmushi. Wanda yake da hali ya tanadi fari zalla domin ranar biki.

Ƙarfin gilashin ma yana da nasa tasiri. Na masu matsalar ganin nesa yana ƙanƙanta ido, kuma in yana da ƙarfi sai a ga gefen fuska ya shige ciki ta cikin gilashin kamar an gutsure. Na masu matsalar ganin kusa kuma girma yake ƙara wa ido. Maganin na farkon shi ne a fuskanci kyamara sosai, kada a juya gefe da yawa, mai hoto kuma ya ja baya ya jawo hoton daga nesa. Ƙaramin firem da ke zama kusa da ido shi ma yana rage abin. Ga masu kwalliya kuma, in amarya mai gilashi ce a sassauta dogon gashin idon nan na kanti, domin zai riƙa sharar gilashin yana barin dabbare.

SAƘO GA MASU HOTO

Malam mai hoto, yanzu kai ne a gaba. A zamanin fim muna yi maka uzuri. Fim ɗin Kodak ko Fuji hoto 24 ne ko 36, kowane ɗaya kuɗi ne, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko bayan kwanaki, lokacin biki ya watse, 'yan Zariya sun koma Zariya. Shi ya sa wasu masu situdiyo kan ajiye firem wanda babu gilashi a ciki su ara wa mutum. To yau fa? Kana ɗauka kana gani nan take. Wane uzuri ya rage?

Raba filasha da kan kyamara, ka ɗaga ta sama ka kai ta gefe. In ba hali, juya kanta ta kalli farin silin ko bango, hasken ya sauko a hankali. In hoton taro ne, duba masu gilashi tun kafin ka danna, bayan ka danna kuma ka buɗo fuskokinsu ka duba. In ƙyallin ya ƙi ji, ɗauki biyu ba tare da mutum ya motsa ba, ɗaya da gilashi ɗaya babu, ka haɗa a kwamfuta. Amma ka daina kunyata uwar amarya a gaban surukanta da "a cire, a cire." Ita ta biya kuɗin, kai ne za ka motsa fitilarka.

Akwai kuma masu hoton da su kansu gilashi suke sawa. Matsalarsu ita ce gilashin yana nesanta ido da 'yar tagar leƙawa, sai a kasa ganin kusurwoyin hoto, a yanke ƙafar wani ko hular wani ba a sani ba. Masu ƙera kyamara sun san da haka. Tun 1982 kamfanin Nikon ya fito da F3HP, wadda ake ganin hoton gaba ɗaya ko da ido ya yi nisan milimita 25 da tagar. In za ka sayi kyamara, leƙa da gilashinka ka tabbata kana ganin kusurwa huɗu. A gefen tagar kuma akwai wani ɗan ƙaramin gargare da mutane da yawa ba su san aikinsa ba. Na daidaita tagar ne da ƙarfin idonka. Murza shi har rubutu da lambobin da ke ciki su fito tangaran. In da gilashi za ka yi aiki, daidaita shi da gilashi, in babu, daidaita shi babu, kada ka riƙa sawa kana cirewa. Sai dai gargaren yana da iyaka, ido mai rauni sosai ko wanda ke ganin abu a jirkice dole ya bar gilashinsa. Kada a cire robar da ke bakin tagar, ita ce ke hana ƙarfe ƙarce gilashi. Mai baƙin gilashin rana irin mai tace ƙyalli kuma, in ya ga fuskar kyamara ko ta waya ta yi duhu da ya juya ta, ba lalacewa ta yi ba, gilashinsa ne.

INDA DOLE A CIRE

Gaskiya ɗaya ce, akwai wurin da ba a jayayya, wato hoton hukuma. Tun daga 1 ga Nuwamba 2016 Amurka ta hana sa tabarau a hoton fasfo da na biza, sai wanda ya kawo takardar likita cewa ba zai iya cirewa ba. A nan gida ma, wurin ɗaukar hoton fasfo ko katin ɗan ƙasa ko rajistar banki, galibi za a ce a cire. Dalili shi ne na'ura ce ke tantance fuskar, tana auna idanu da tazarar da ke tsakaninsu, ƙyalli ko firem mai kauri yana rikita ta. Wannan ba raini ba ne, kada a yi fushi da ma'aikaci. Dabarar ita ce a cire gilashin tun ana kan layi, kamar minti 10 kafin a zo kanki, a ɗan murza karan hanci shatin ya baje. In an zauna a tambayi inda idon kyamarar yake, a ƙifta ido sau biyu, a buɗe shi sosai. Hoton da za ki yi shekaru kina nunawa a filin jirgi ya cancanci wannan 'yar hidima.

GARIN NEMAN GIRA

Kafin mu rufe, ga wani gargaɗi da ya fi duk abin da ya gabata nauyi. Yanzu an shigo da yayin ɗan gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido, har da masu launi, amarya baƙa ta fito da idon mage. Wasu don gudun tabarau suke sawa, wasu don ado. A kasuwa ake saye, mai kwalliya ce ke sa wa amarya da hannun da ta gama shafa hoda, wani lokacin ma wanda aka cire wa amaryar jiya ne. 'Yan'uwa, ido ba kunne ba ne da za a ara masa ɗan kunne. Abin nan in ba likita ne ya auna ya bayar ba, ko aka yi aronsa, ko aka wanke shi da ruwan famfo, ko aka yi barci da shi, yana iya kawo gyambo a baƙin ido, gyambon kuma ya bar tabon da zai rage gani har abada. Garin neman gira a rasa ido ke nan, saboda hoton yini ɗaya. Wadda take son sa da gaske ta je a duba ta tun da sauran makonni, ta koyi sawa da cirewa da hannunta. In ido ya yi ja, ko zafi, ko yana gudun haske, a cire nan take a nufi asibiti, ko da ana tsakiyar dina ne.

Wuraren zuwa kuwa muna da su. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda yake aiki tun 1943, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga sassan ido a manyan asibitocin jihohi. A daina sayen gilashin magani a tire a bakin tasha ana gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana matse ido a hoto, ko yana manne wa talabijin, ko yana yawan kukan ciwon kai bayan makaranta, a kai shi a auna. In an ba shi gilashi, ku ne na farko da za ku ce ya yi kyau, ku kira mai hoto a ɗauke shi da shi, a rataye a falo kowa ya gani.

Ke kuma amaryar gobe, ki zaɓi firem ɗin da ya dace da fuskarki kamar yadda kike zaɓen leshi da sarƙa. Ki gaya wa mai kwalliya da mai hoto tun da wuri cewa da gilashinki za ki fito, su shirya. Ranar nan taki ce, kuma ya kamata ki ga fuskar duk wanda ya zo taya ki murna, ki ga ƙawayenki, ki ga hawayen mahaifiyarki, ki ga shi kansa angon lokacin da kuka yi ido huɗu. Allah ya ba da zaman lafiya, ya ƙara mana lafiyar ido baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.